Mu Daina Dashen Hoto

A bara, cikin watan Agusta, mu goma sha takwas muka cika wata bas ta haya muka nufi wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar domin dashen itatuwa. Muna hanya wani abokina ya miƙo min wayarsa yana dariya. Bidiyon wasu samarin Turawa ne da suka tafi aikin sa kai a wata irin mota mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Ya ce, "Kai, da irin wannan muka samu, ai da an ga aiki!" Muka yi ta sheƙa dariya, mu da ko ƙafa ba ma iya miƙewa saboda ledojin dashe.

Yanzu kam na daina dariyar. Amfanin motar nan ɗaya ne tak a wurina: mai ita yana kwana inda aikin yake. Mu kuwa sai bayan azahar muka isa, don mun ɓata lokaci a Gumel wajen facin taya. Mai gari ya tarbe mu da fura da nono, muka haƙa ramuka a bayan makarantar firamare, muka dasa darbejiya da dakwara, muka jeru aka ɗauki hoto. Ana idar da la'asar direba ya fara danna hon, ba ya son dare ya riske shi. A Facebook kuwa mun sha yabo har kanmu ya kumbura.

A watan Maris wani biki ya mayar da ni yankin, na ce bari in leƙa aikinmu. Wallahi sai da na ji kunya. Awaki sun ci nasu, rani ya ƙarasa sauran. Abin da ya rayu 'yan tsiraru ne, su ma don wani dattijo mai gadin makarantar ya kewaye su da ƙaya, yana ba su ragowar ruwan alwalarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari." Ya ce, "Ɗana, ni na ɗauka za ku dawo." Ban sami abin cewa ba.

Kada wani ya ɗauka ina raina dashen ne. Duk wanda ya san masarautar Gumel, daga Gagarawa har Maigatari da Sule Tankarkar da ke kan iyaka da Nijar, ya san yadda iska ke kwashe ƙasar gona da rani. Saboda irin wannan ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa. Matsalar gaskiya ce. Salon namu ne bai yi ba.

Ku tsallaka iyaka kaɗan ku ga darasi. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon su tuge tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture lokacin sharar gona, sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran, su kare su daga dabba. Da wannan kawai aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, cike da gawo da kalgo da sabara. Ba leda, ba bas, ba mai ɗaukar hoto. Mai gona ne yake zuwa kullum yana duba abinsa.

To ga shawarata ga ƙungiyarmu, tunda ana maganar sake tafiya bana. Mu zaɓi ƙauye ɗaya mu riƙe shi, mu daina yawon sabon wuri kowace shekara. Mu je da wuri a damina, ƙasa tana da danshi, mu kwana uku. Ba ma buƙatar motar Turawa. Ajin firamare lokacin hutu, da izinin mai gari da hedimasta, da tabarma da gidan sauro, ya wadatar. Mu tafi da shinkafarmu da garin kwakinmu, kada aikin gayya ya koma wa talakawa ɗawainiya. Kuɗin da ake zubawa a riguna masu tambari da bana (wace bishiya ce ta taɓa rayuwa da bana?) a sayi waya da jarkoki da shi, a ware wani abu ga wanda zai riƙa ban ruwa. Sannan a rubuta a kasafi cewa za a koma sau biyu da rani, ko da mutum biyar ne a motar kasuwa.

Na san za a ce iyaye ba za su bar 'yan'uwanmu mata su kwana a ƙauye ba. Gaskiya ne ga wasu, kuma ba laifi. Su zo a tafiyar rani ta yini ɗaya, wadda ita ce ma mafi muhimmanci, ko a nema musu masauki a gidan mai gari tare da malama guda. Za a kuma ce karatu da jarrabawa. Kwana uku ne fa, jama'a, mu da ke cinye sati guda a kamfen ɗin zaɓen ƙungiya.

Na riga na faɗa wa sakatarenmu. Idan tafiyar bana ta je-ka-dawo ce kamar ta bara, a ba wani kujerata. Idan kuwa kwana za a yi, a sa sunana a farko, ni zan kawo jarkoki biyu daga gida.