KUƊIN TALAKA NE KE FITA TA BUTUTU!

Jama'a, yau ga mu da wata ɓarna wadda ido ba ya gani, sai baitulmali ke ji a jikinsa. Ku dubi manyan ofisoshin gilashi da ake gina mana da kuɗin haraji. Janareta na shan man gas tun safe har la'asar don a sanyaya ɗaki. Da yake tilas ne a sake iskar da mutane suka shaƙa, sai a tura mai sanyin nan waje ta bututu, a jawo mai zafi, a sake biya. Ashe wannan ba ɗiban ruwa da kwando ba ne?

Maganin abin ba sabo ba ne. Bayan tsadar man fetur ta 1973, mutanen ƙasashen sanyi suka gaji da zubar da ɗumin da suka saya. A 1977 aka gina wani gida a birnin Rijaina na Kanada, aka sa masa akwatin musayar zafi. Iska mai fita da mai shiga suna wucewa kusa da juna, siraran faifai ne tsakaninsu, ba sa gauraya, amma ɗumin mai fita yana komawa jikin mai shiga. A 1991 Dokta Wolfgang Feist da abokan aikinsa suka kammala irin wannan gida a Damshitat ta Jamus. Ƙa'idar da ta fito daga aikinsu ta ce lalle akwatin ya ceto aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ɗumin.

'Yan amshin shata za su ce, ai mu ba ƙasar ƙanƙara ba ce. To, ku ji. Akwatin nan yana aiki ta kowace fuska. A ce zafin Afrilu a Kano ya kai digiri 40, cikin ofis kuwa 24. Tsakaninsu 16 ke nan. In aka ceto kashi 75, iskar waje za ta iso injin sanyi tana 28 maimakon 40. Ɗan firamare ma ya san wanne ya fi cin mai.

A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin wuta a gine-gine. Madalla! Amma muna tambaya, wane ɗan kwangila aka taɓa hana wa kuɗinsa don ya karya ta? Mun kwaikwayi gilashin Bature, mun bar masa tsiminsa. Kakanninmu da suka gina soro mai kaurin bango da ƙananan tagogi sun fi injiniyoyin kamasho sanin zafin ƙasar nan.

An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai rumbunmu ake ƙonawa, wasu ke sayar da tokar. Saboda haka muna kira ga 'yan majalisa, kada a sake sa hannu a kan wani ginin gwamnati mai injin sanyi sai da akwatin musayar zafi a cikin zanen. Kowace shekara kuma a karanta wa jama'a lissafin man da aka ƙona. Talakawa na kallo, kuma suna ƙirgawa.