Sarƙar da ta tona asirin Judy

A fim ɗin Vertigo na Alfred Hitchcock, na 1958, Elster ya sa Judy ta yi shigar matarsa, ya kashe matar, ya jefo gawar daga hasumiyar coci, don tsohon ɗan sandan ciki Scottie ya shaida cewa kashe kanta ta yi. Dabara ta ci.

To me ya kai Judy rataya sarƙar marigayiyar a gaban mutumin da sana'arsa lura ce? Yana ganinta ya gane komai, ya ja Judy zuwa hasumiyar, inuwar wata sistar coci ta firgita ta, ta faɗo ta mutu.

Mu dai ba mu yarda mantuwa ce ba. Ai ta taɓa rubuta masa wasiƙar tona kanta, ta yage. Ku fa, ɗalibai, me kuka gani?