Ƙwayar Halittar da ke Cin Gubar Fetur

A 1974 masu bincike a Bangor ta Birtaniya suka gano wani ɗan zoben DNA a jikin bakteriyar Pseudomonas putida, plasmid da suka sa wa suna TOL. Shi ke ba ta ikon cinye toluene, gubar nan ta cikin fetur da fenti da sholisho. Ƙwayoyin gadonsa rukuni biyu ne: na farko ya mayar da toluene benzoate, na biyu ya farfasa shi ya zama abinci, kuma ba sa tashi aiki sai gubar ta iso. Har maƙwabta takan miƙa wa zoben. Ni kam kan amfani da irin wannan bakteriya wajen tsabtace ƙasa nake so a zuba kuɗin bincike, domin kwashe gurɓatacciyar ƙasa sauya wa guba mazauni ne kawai.