Ja Ba Ado Ba Ne A Fuskar Kwamfutar Masana'anta

'Yan uwa ɗalibai, wannan makon za mu leƙa ɗakin da ake lura da injuna a manyan masana'antu, irin tashar wutar Kainji ko matatar mai ta Kaduna. A can ma'aikaci yana zaune ne gaban fuskokin kwamfuta da ke nuna masa zafin tukunya, ƙarfin matsin bututu da yawan ruwan tanki. Idan wani abu ya wuce iyaka, ƙararrawa ta tashi. Launin da za ta fito da shi, siffarta da irin kukanta, duk mutum ne ke zaunawa ya zaɓa, kuma zaɓin nan yakan raba rai da mutuwa.

Mu na Anka da Bukkuyum mun san wannan tun kafin mu san kwamfuta. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya, waɗanda ake niƙawa har cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dalma ba ta da wari, ƙurarta kuma ba ta bambanta da ta tsakar gida. Da likitocin ƙungiyar MSF suka iso, sun yi aiki da wata ƙaramar na'urar gwajin jini wadda ba ta iya karanta abin da ya haura maki 65. Magani kuwa daga maki 45 ake fara ba da shi. Jinin yara da yawa ya zarce 65, sai na'urar ta daina ba da lamba, ta nuna kawai cewa abin ya yi yawa. To, yaro mai 70 da yaro mai 300 duk fuska ɗaya suka samu, alhali ɗaya ya fi ɗaya kusa da kabari. Sai da aka riƙa tsarma jinin kafin a sake aunawa sannan aka gane wanda za a fara ɗauka.

Matsalar masana'anta ke nan, sai dai ita ta wata fuskar take zuwa: ƙararrawa ta yi yawa, kuma duk kamarsu ɗaya. A watan Yuli na 1994 matatar mai ta Milford Haven a Birtaniya ta fashe, mutum 26 suka jikkata. Bincike ya nuna cewa cikin minti 11 na ƙarshe ƙararrawa 275 ta tashi a gaban ma'aikata biyu. Ku lissafa da kanku: 25 ke nan a kowane minti. Ko sunayen 'yan ajinku ba za a kira da wannan sauri ba, balle a karanta, a fahimta, a ɗauki mataki. Daga baya injiniyoyin Birtaniya suka fitar da jagora a 1999, inda suka ce a lokacin aiki na yau da kullum bai kamata ƙararrawa ta wuce kamar ɗaya cikin minti 10 ba.

Saboda haka masu tsara fuskar yanzu sukan yi wani abu da kan ba sabon ɗalibi haushi: su mayar da bangon fuskar toka-toka, tankuna da bututu duk babu ƙyalli. Mu da muka saba cika zanen darasin kwamfuta da kala bakwai sai mu ga kamar rowa ce. Amma idan famfo mai aiki lafiya ja ne, tambarin kamfani ma ja ne, ina jan gobara zai tsaya a gan shi? Ana ajiye ja don abin da ba ya jira, ruwan ɗorawa don wanda zai iya jiran ɗan lokaci.

Launi kaɗai ma bai isa ba, domin akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, kuma galibinsu maza ne. Shi ya sa ake haɗa shi da siffa da lamba, misali murabba'i mai ɗauke da 1 don mafi gaggawa, alwatika mai 2 don na biye. Alamar takan riƙa ƙyaftawa har sai ma'aikaci ya danna cewa ya gani. Daga nan ta daina ƙyaftawa amma ba ta ɓacewa, tunda matsalar tana nan.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙararrawa mai kukan banza. Ku tuna inbatar sola a shagon cajin waya, wadda ke ƙara tun safe har mai shago ya daina jin ta. Ranar da batir zai ƙone ma haka za ta yi kuka, shi kuma yana ta ƙirga canji.

Ga aikin gida, musamman ga 'yan Gummi da suka ga ambaliyar damunar 2024. Ku ɗauka an kafa ma'aunin tsayin ruwa a gulbin Zamfara, aka ce ku zana fuskar da mai gadi zai riƙa kallo da tsakar dare. A wane tsayi ruwan ɗorawa zai fito, a wane tsayi ja? Wace siffa za ku ba kowanne, kuma me za a rubuta a gefensa don mai gadin ya san wa zai fara tasa daga barci? Ku zana a takarda guda, ku rubuta sunan makarantarku da ajinku, ku aiko mana kafin Juma'a mai zuwa.