Taswirar Google ba ta san Tasawa da Mayahi ba

Wata ɗabi'a ta shigo ofisoshin masu rubuta rahotanni a kan talakawa, kuma tana ƙona mini rai. Mutum zai zauna a Yamai ko a Turai, ya buɗe Google Trends, ya ga taswirar Nijar an shafa mata launi, nan duhu can fari, sai ya yanke wa jama'a hukunci: waɗannan sun damu da kaza, waɗancan ko a jikinsu. Na taɓa zama a wani taro inda wani matashi ya haska irin wannan taswira a bango, ya ce ga hujja, mutanen karkarar Maraɗi ba sa neman bayani a kan tamowa, saboda haka a ƙara kuɗin wayar da kai. Tamowa fa! A wurin da uwa ta san ma'anar ja da rawaya a jikin igiyar awon damtsen yaro, domin ta sha ganin an ɗaura wa nata.

A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi, duka a jihar Maraɗi, kowace ta haura mutum rabin miliyan. Su wa ke bincike a intanet cikinsu? A Nijar baki ɗaya masu shiga intanet ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma yawancinsu a birane suke. Cikin manya uku, kusan biyu ba sa karatun boko, a wajen mata kuma abin ya fi haka muni. Wutar lantarki ba ta isa yawancin ƙauyuka ba. Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye a yankin nan ya ga teburin mai caji: farantin hasken rana a jingine, wayoyi jere an manna wa kowace lamba, akasarinsu ƙanana masu maɓalli, na kira da tocila da rediyo. Matar da jikin ɗanta ya yi zafi cikin dare a Kanambakashe ba ta rubuta wa Google tambaya. Uwar mijinta take tasa, ko ungozoma, gari na wayewa ta goya shi zuwa likita. Manomin da murzuna ta faɗa wa hatsinsa a Urafan maƙwabcinsa yake tambaya, ko malamin gona. Masu manyan wayoyin ma, da murya suke aika saƙo ta WhatsApp, da Hausa, kuma wannan maganar ba ta shiga lissafin kowa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu ɗaga taswirar nan da yawa ba su san abin da lambobinta ke nufi ba. Lambar da ke tsakanin 0 da 100 ba yawan mutane ba ce. Ma'auni ne na kason binciken wata kalma cikin dukkan binciken da aka yi a wurin, idan an kwatanta shi da na wurin da ya fi kowa, shi ma daga samfuri aka ɗebo. Idan masu binciken sun yi kaɗan, sai a rubuta sifiri. Wato sifiri yana iya nufin ba waya, ba caji, ba kuɗin data, amma sai a karanta shi a matsayin ba damuwa. Wurin da mai binciken yake ma kintace ne, domin kamfanonin waya sukan tattara zirga-zirgar intanet ta cibiyarsu da ke babban birni, sai binciken malamin makaranta a Mayahi ya koma na Yamai. Wanda yake kusa da iyakar Katsina ya kama layin Najeriya kuwa, ya fita daga taswirar ƙasarsa gaba ɗaya. Kuma galibi jiha dungum ake nunawa, a haɗa ɗan kasuwar birnin Maraɗi da makiyayin arewacin Gulbin Kaba a launi guda.

Sai harshe. Mai rahoton da Faransanci yake neman sunan cutar. Mai cutar masassara yake cewa, idan ya iya rubutu ma wataƙila da ajami ne. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma ana auna damuwar Bahaushe da kalmar da bai taɓa furtawa ba.

Ko a Amurka, inda kusan kowa ke da intanet, wannan awo ya taɓa ba da kunya. Google ya ƙaddamar da Google Flu Trends a 2008 don gano yaɗuwar mura ta binciken mutane. A farkon 2013 hasashensa ya kusa ninka alƙaluman hukumar lafiyar ƙasar, domin labaran jaridu sun tsorata masu lafiya ƙalau suna ta bincike. A 2015 aka daina wallafa shi. Mai kayan da kansa ya janye, mu kuma a zo a auna mana yunwar garin Korgom da irinsa?

Ban ce kayan ba su da amfani ba. Mai son sanin abin da ɗaliban birni ke nema lokacin fitowar sakamakon jarrabawa zai ƙaru da su. Iyakarsu ke nan, kuma a tsaya nan.

Mu da muka ga 2005 mun san inda alamun bala'i suke fitowa. Bayan fari da farar ɗango na 2004, farashin tiyar hatsi ya tashi a kasuwanni, aka riƙa sayar da akuya da arha, maza suka tafi cin rani ba lokacinsa ba, mata suka koma tsinkar anza da tonon gidan tururuwa. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, alhali Shugaba Tandja yana musanta cewa akwai yunwa. Bayani bai yi ƙaranci ba a wancan lokaci. Kowace ƴar talla ta san halin da ake ciki. Masu iko ne suka ƙi saurara, kuma tsorona shi ne wannan taswira za ta ba magadansu sabuwar hujjar ƙin sauraro, mai launi da lambobi. Kuɗin agaji takarda yake bi. Idan takarda ta ce Mayahi shiru, buhun hatsi da magani wani wuri za su nufa.

Muna da masu awo na gaskiya. Ma'aikatan SIMA, hukumar tattara bayanan kasuwannin amfanin gona, suna shiga kasuwanni suna rubuta farashin cimaka. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana da masu bin gida gida. Kowane gidan likita yana da littafin da ake rubuta yaron da aka auna da nauyinsa. Aikinsu yana cin mai da alawus da lokaci, shi ya sa ake gudunsa a koma wa abin da ake samu kyauta cikin minti biyar. A ba waɗannan mutane kuɗin aiki.

Magadan gari da sarakuna da shugabannin ƙungiyoyin manoma na Tasawa da Mayahi, ku nake roƙo. Duk wanda ya zo muku da taswirar bincike yana gaya muku abin da jama'arku ke so, ku tambaye shi mutum nawa ne suka yi binciken, da wane harshe, daga wane gari, mata nawa ne a ciki. Idan ya kasa amsawa, kada ku sa hannu a takardarsa sai ya je kasuwa ya tambayi mutane baki da baki.