Baƙon da Ke Barin Kaya a Ɗakin Mai Gida

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya dubi ludayi sai ya kama gabansa. Amma wasu manhajojin kwamfuta baƙi ne da ke tafiya su bar kayansu a ƙarƙashin gado, mai gida bai sani ba.

Ɗalibin harshe da ya rubuta 'yar manhajar ƙirga kalmomin Hausa, ta ƙi aiki, yakan shiga farautar kuskure daga cikin manhajar rubutu irin su Vim ko Emacs. Tun daga Vim 8.1 na shekarar 2018 ana iya buɗe tagar umarni da manhajar GDB a ciki. To, kowace manhaja da aka kira takan ajiye nata fayil. Bash na da .bash_history, Vim na da .viminfo da fayil mai ƙarewa da .swp, ita kuwa GDB, idan an kunna mata adana tarihi, sai ta bar .gdb_history a foldar da ake aiki.

Me ya sa ba a ganinsu? Domin a tsarin Unix, duk sunan da ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, sai an buga ls -a. Rob Pike, tsohon ma'aikacin Bell Labs, ya bayyana a 2012 cewa wannan ɓoyo ya samo asali ne daga wani gajerce hanya da aka yi wajen rubuta ls.

A ganina laifin na masu ƙera manhaja ne. Fayil ɗin tarihi na iya ɗauke da kalmar sirri da mutum ya buga a tagar umarni, kuma idan ɗalibi ya kwafi foldarsa gaba ɗaya ya ba wani, ya ba da har abin da bai gani ba. Haka kuma fayil irin .gdbinit umarni ne a cikinsa, shi ya sa tun 2012 GDB ta daina karanta na kowace folda sai da izini.

Wani zai ce ai fayilolin suna da amfani. Gaskiya ne, fayil ɗin .swp ya ceto aikin mutane da yawa bayan ɗaukewar wuta. Sai dai amfani ba ya halasta warwatsa kaya. Akwai ƙa'idar XDG da ta ware wa saituna wuri guda, wato .config, amma Emacs sai a 2020 ta karɓe ta, Vim kuwa sai a 2024.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da su riƙa buga ls -a kafin su miƙa wa kowa folda, su buɗe baƙon fayil su karanta kafin su goge, domin wani yana riƙe da aikin da ba a adana ba. Rigakafi dai ya fi magani.