Wa'azin koko ya ishi mata haka nan

Ranar awo ce a wata likita ta karkarar Bande da ke ƙasar Magarya, na raka ƙanwata da ɗanta mai wata takwas. Mata sun cika rumfa, kowace da goyo, ma'aikaciya tana tsaye da allon hotuna: ga ƙwai, ga hanta, ga wake, ga zogale. Ta tambayi wata mata da ma'aunin dantsen 'yarta ya faɗa ja, alamar tamowa, me ake ba yaro in ya cika wata shida. Matar ta kawo karatu tiryan-tiryan, har wanke hannu da sabulu ba ta manta ba. Aka tafa mata. Da aka watse na ce, "Baiwar Allah, to yau me kika ba ta?" Ta zaro gorar roba daga cikin zane, koko ne tsararo da ta dama tun asuba. Ta ce, "Malam, ai ƙwan a hoto yake."

Duk taron da aka yi kan tamowa a ƙasar Magarya da Dungas, magana ɗaya ake maimaitawa: mata ba su waye ba, a ƙara wayar musu da kai. Ma'aikacin lafiya ya faɗa, rediyo ya faɗa, mazan majalisa ma sun karɓa da murna, don maganar ta wanke su tas. Ni ban yarda ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun yunwar 2005, kuma tun lokacin ake tara mata ana yi musu wannan darasi. A damanar 2018 ƙungiyar ta yi shelar cewa kusan yara goma ke mutuwa kullum a sashen yara na asibitin Magarya, akasari da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Waɗanda aka haifa a 2005 yau su ne ke da goyo, sun ji darasin a bayan iyayensu, sun sake ji da nasu kunnen. In da rashin sani ne, da tuni an gama.

Mu yi lissafin kofin yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, daga nan a haɗa da abinci, nono ya ci gaba har shekara biyu. Ban da nono, ɗan wata 6 zuwa 8 yana buƙatar kalori kusan 200 a yini, ɗan wata 9 zuwa 11 kusan 300, daga shekara ɗaya zuwa biyu kusan 550. Cikinsa kuwa bai wuce ƙaramar moɗa ba. Koko tsararo sau da yawa ko ƙarfin nonon bai kai ba, sai ya cika cikin ya hana shi tsotso. Maganin sananne ne: a dama da kauri, a zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake, ɗan mai, ƙwai, ko dakakkiyar fara. In ya yi wa yaro kauri, ɗan garin tsiron gero yana sassauta shi ba sai an ƙara ruwa ba, masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan. Amma kauri gero yake ci. Wa ke auna geron?

A gidaje da yawa maigida ne ke rufe rumbu bayan kaka, ya ajiye don aikin damana, ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Agadas. Abin da ya bari shi ke nan, ya kai ko bai kai ba. Matar ta koma kan abin da ta samu a gamanarta da 'yar sana'arta. Tiya ɗaya da za a raba wa bakuna takwas, dole a tsinka ta da ruwa. Zabi suna zuba ƙwai da damana, daidai lokacin da asibiti ke cika, amma ƙwan tasha yake tafiya dafaffe a faranti. In ma na matar ne ta sayar, kuɗin ya tafi gishiri da sabulu da niƙa, abubuwan da aka sakar mata. Shi kuwa maigida ranar kasuwa yana tsaye wurin mai tsire.

Haka batun tsabta. An ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a sake tafasa shi ba. Gaskiya ne, koko da ya wuni a gora cikin zafi gudawa ce a dame, gudawa kuwa ita ce ƙofar tamowa. To macen da ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta bi maigida gandu da safe, ta wuce gamanarta da yamma, yaushe za ta hura wuta sau huɗu? Da wane itace? Gasara mai tsami ma da kakanninmu suka saba da ita ta fi jure ajiya, tsamin yana rage ƙwayoyin cuta, sai dai bai mayar da kokon asuba na la'asar ba.

Sai gyaɗa, wadda ƙasar nan ta yi suna da ita tun zamanin Turawa. Gyaɗa ko masarar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, mai lalata hanta, wadda ake dangantawa da tsumburewar yara, kuma tafasa ba ta kashe ta. Tsincewa ita ke rage ta. Mu kuwa mukan tsince mai kyau mu ɗura a buhu don ɗan kasuwa, ƙwailaye da masu baƙi-baƙi a bar wa gida. Daga nan ake yin ƙuli-ƙulin da aka ce uwa ta zuba a kunu. Ba ita ta ɗinke buhun ba.

Wani uban in tausayi ya kama shi sai ya sayo gwangwanin Cerelac, ya ji ya sauke nauyi. A Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta nuna cewa kamfanin Nestlé yana ƙara sukari a irin wanda yake sayarwa a ƙasashe irin su Najeriya da Senegal, alhali makamancinsa a Jamus da Ingila babu. Ko ba wannan ba, gwangwanin kwana kaɗan ake tsinkawa ya yi makonni. Kuɗinsa ya isa ƙwai da wake na kwanaki masu yawa.

Ban ce babu al'adun da ke hannun mata ba. Ana matse dakashi a zubar, ana ɗura wa jinjiri dauri da ruwa tun bai kai wata shida ba, ana cewa ƙwai yana sa yaro sata. Amma yarinya mai ɗan fari, da ko sunan ɗan ba ta iya faɗa don kunya, ita ce za ta ce wa uwar mijinta, "Inna, a bar daurin nan"? Ɗan da Inna ta haifa kaɗai ke iya wannan magana, shi kuma ba a taɓa zaunar da shi gaban allon hotuna ba.

Abin haushin, hanyar a nan gida aka share ta. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje a 2008 da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Bande kuma na cikin garuruwan da suka yi suna da ita, maza suka riƙa tura matansu awon ciki. Abin da aka yi wa ciki a yi wa kofi. A ɗauki allon nan a kai fadar mai gari da ƙofar masallacin Juma'a, liman ya tuna wa jama'a cewa ayar shayarwa ta Suratul Baƙara a wuyan uba ta ɗora ci da tufar mai shayarwa. A Mirya ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata auna dantsen 'ya'yansu da kansu. A miƙa wa uba ma'aunin shi ma, in ya faɗa ja a kira shi da sunansa ya zo likita ya yi bayanin rumbu. Ran da na raka ƙanwata, maza uku na ƙirga a harabar: ni da 'yan kabu-kabu biyu da ke jiran fasinja.